Ina Irin Abarba Ya Shiga?

Basakkwace ba ya wasa da iri. Duk wanda ya taɓa ganin yadda manomin albasa a Kwalkwalawa ko Wurno yake adana nasa, a ƙulle cikin kwalba, nesa da laima da ɓera, ya san cewa a ƙasar nan darajar shuka a ƙwayarta take. Ka sha kankana ka watsar da 'ya'yanta a bayan ɗaki, damina na sauka za ka tarar ta yi yaɗo. Ƙwallon mangwaro, na dabino, na goruba, na magarya, duk hanyarsu ɗaya. Amma je ka Ramin Kura ko Kasuwar Daji ka sayi abarba, ka fere ta, ka yanka ta gunduwa-gunduwa har ka kai ga zuciyarta. Ba ƙwallo, ba ƙwaya. Mun saba da hakan har mun daina tambaya.

Akwai kuma wani tsiro na ado da ake kawowa daga Legas ko Abuja cikin 'yar tukunyar roba, wanda za ka gani jefi-jefi a otal, ko a ofis, ko a falon masu hali. Ganyensa dogaye ne masu sheƙi, duk daga gindi ɗaya suka fito suka yi zobe, tsakiyarsu ta zama rami mai riƙe ruwa, daga cikin ramin kuma wani abu ja wur ya miƙe tsaye. Jan yakan yi wata uku, wata huɗu, bai dushe ba. Daga nan sai ya fara ƙonewa, uwar ta soma lalacewa a hankali, ƙananan toho su ɓullo a gindinta. Iri dai babu. Mai gida ya raba tohon ya dasa, ya yi ta ban ruwa shekara biyu, ganye ya yi kyau, jan nan bai dawo ba. Amma duk da haka, kowace shekara sai ga sabon launi a hannun masu sayar da furanni: rawaya, ruwan goro, shunayya, wani ma mai fari a baki.

Wani dattijo manomin albasa, aminin mahaifina ne, ya juya irin wannan tukunya a hannunsa, ya leƙa ramin, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wanga icce ina irinai? In ba shi da iri, mi aka shukawa har sabo ya hito?"

Na ce, "Baba, wallahi abin da nike nema ke nan."

Tambayar tasa ta fi yadda ta yi kama nauyi, domin a ilimin noma sabon nau'i daga ƙwaya yake fitowa. Toho kuwa uwarsa yake maimaitawa. To abin da ba ya yin ƙwaya, ta ina sabonsa zai zo?

Zaren farko yana saman abarbar kanta. Ka ajiye ta kusa da tukunyar nan ka dubi tukkunta, wato tarin ganyen da ke kanta, za ka ga tsari ɗaya ne: ganye masu kauri da suka kewaye juna, suna gangarar da duk ɗigon ruwan da ya faɗo zuwa tsakiya. Dangi ɗaya ne, wanda masana tsirrai ke kira buromeliya. Nau'o'insa sun haura 3,500, kuma gidansu nahiyar Amurka, daga kudancin ƙasar Amurka har Ajantina da Chile. Da yawa daga cikinsu ba sa ma taɓa ƙasa, a kan rassan itatuwa suke maƙale suna shan ruwan da suka tara a raminsu. Abarba ce kaɗai a cikinsu ta zama abincin duniya. Kolumbus ya gan ta a tsibirin Gwadalup a watan Nuwamban 1493, a ƙarni na 16 kuma jiragen Fotigal suka bazu da ita gaɓar Afirka da Indiya. Saboda haka tambayar abarba da tambayar tsiron falo tambaya ɗaya ce, kuma abarba ta fi sauƙin bincike tunda ana iya sa mata wuƙa.

Zargin farko da ke zuwa wa Bahaushe shi ne aure. Mun san mangwaro mai aure da lemo mai aure: a yanko reshen mai daɗi a ɗaura a kan gindin mai ƙarfi. Sai dai wannan bai kama nan ba. Dangin abarba ba su da ɓawo da itace irin na mangwaro da za a tsaga a haɗa su manne, sun fi kusa da su gero da rake. Ko da ma a ce ya yiwu, aure ba ya haifar da sabon nau'i. Reshen da ka ɗaura, abin da yake bayarwa a jikin uwarsa shi zai ci gaba da bayarwa.

Zargi na biyu ya fi zafi, kuma na ji shi a bakin mutane da dama, musamman tun da aka shiga muhawarar masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta, a 2024: wai Turawa ne suka kashe irin a ɗakin gwaji don kada talaka ya shuka nasa. Ba na raina wannan tsoro. Manomin da aka taɓa sayar masa da irin da bai maimaita kansa ba a shekara ta biyu yana da hujjar sa ido. Amma a kan abarba, tarihi ya wanke waɗanda ake zargi. Dabarar sauya ƙwayar halittar tsiro a ɗakin gwaji ba ta samu ba sai a shekarun 1980, alhali abarbar da Turawa suka tarar a hannun mutanen asalin Amurka shekaru 500 da suka wuce, shukakkiya ce da ake yaɗa ta da toho, mai zaƙi, mai ƙarancin ƙwaya. Manoman can sun shafe dubban shekaru suna zaɓen wadda ta fi daɗin ci.

Saura zargi na uku, wanda ya fi kama da gaskiya: ko juya ce kawai, kamar ayabar da muke ci, wadda tsarin halittarta ya hana ta yin ƙwaya ko da me aka yi mata. A nan ne wuƙa ta yi amfani. Idan kana fere abarba, ka lura da idanun nan da kake ƙwaƙulewa kana zubarwa. Tsaga guda ɗaya a tsaye. Za ka ga ɗan kogo mai busassun zarurruka masu ruwan ƙasa. Ragowar fure ne. Ƙasa da shi, cikin tsokar, akwai 'yan ɗakuna uku, a cikinsu wasu fararen ɗigo-ɗigo da ba su kai komai ba. Waɗannan su ne ƙwayayen da ya kamata su zama iri, suka tsaya a hanya.

Ashe abin da muke kira abarba ɗaya, taron 'ya'ya ne. Kowane ido fure ne mai zaman kansa, tsakanin 100 zuwa 200 a kan sanda ɗaya. Furannin shunayya ne, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, kaɗan-kaɗan kowace safiya har tsawon makonni, kuma wanda ya buɗe da safe kafin dare ya yi yaushi. Bayan sun gama sai gindinsu ya kumbura, su manne da juna da sandar tsakiya, su zama abu guda. Kowane fure yana da sashen namiji mai ba da gari da sashen mace mai karɓa. Garin lafiyayye ne, ƙwayayen ma lafiyayyu ne. Ba juya ba ce ke nan. Kuma wannan ya ƙara wa al'amarin duhu: namiji da mace suna cikin fure ɗaya, tazararsu ba ta kai faɗin farce ba, amma babu haihuwa.

Da masana suka bi garin furen da madubin ƙara girma, sai suka ga inda yake tsayawa. Idan gari ya sauka a kan macen fure, yakan tsiro da wani siririn bututu da zai ratsa ƙasa har ya isa ga ƙwaya. A abarba, idan garin na jikinta ne, bututun yakan fara tafiya, sai jikin macen ya gane shi ya tsayar da shi tun a sama. Tsiron ya ƙi jinin kansa. Hikima ce da Allah ya sanya a tsirrai da yawa don kada zuriya ta yi ta komawa cikin kanta har ta raunana. Abin da abarba ta ƙara a kai shi ne, ko ba a yi barbarar ba, tana ci gaba da kumbura ta nuna ta yi zaƙi.

Da na kai wa dattijon nan wannan bayani, bai ɓata lokaci ba ya kama raunin da ke ciki.

"To ai ba ita ɗai ta ba cikin gona. Ba dubu aka shukawa ba? Mi ya hana ta amshi na maƙwabciyatta?"

Gaskiya ya faɗa, kuma amsar ita ce ta fi ba ni mamaki a duk binciken. Ba ta da maƙwabciya. Gonar abarba da toho ake dasa ta, ko da tukku, kuma toho ba ɗa ba ne, yanki ne na jikin uwa. Gindi dubu hamsin a gona ɗaya, a wajen halitta, tsiro guda ne da aka yayyanka. Garin da ya taso daga wancan ƙarshen gonar, macen da ke wannan ƙarshen tana jin sa a matsayin nata, ta rufe masa hanya. Abin ma ya wuce gona ɗaya. Nau'in da ake kira Kayen maras ƙaya, wanda ya mamaye kasuwar duniya kusan duk ƙarni na 20, asalinsa 'yan tsirai ne da masanin tsirrai Perrottet ya samo a yankin Kayen na Giyanar Faransa a 1819 aka kai Faransa. Daga nan suka shiga Ingila, suka kai Hawai da Ostireliya da Afirka ta Yamma. Kayen ɗin da ake nomawa a Hawai da wadda ake nomawa a Kwaddibuwa jiki ɗaya ne mai shekara 200 yana yawo.

Akwai kuma ɗan aike da ya ɓace. A gidanta na asali, mai ɗaukar gari daga wannan nau'i zuwa wancan shi ne kolibiri, wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai dogon baki da ke tsayawa cik a iska yana tsotsar zaƙin fure. Babu shi a ko'ina sai nahiyar Amurka. Manoman Hawai sun fahimci hatsarinsa sarai, shi ya sa har yau doka ta hana shigar da shi jihar: abarba mai cike da ƙwaya mai tauri ba ta da kasuwa. Wannan doka kaɗai shaida ce cewa irin yana nan a ɓoye, dama yake jira. Kuma idan aka ba shi damar, aka ɗauki garin wani nau'i daban aka shafa wa furanninta da hannu, abarba guda takan cika da ɗaruruwan ƙwayoyi, ƙanana, masu ruwan ƙasa, masu taurin ɓawo. Idan ka taɓa cin karo da ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ɓawon wadda ka saya, kada ka ɗauka datti ne. Mai yiwuwa an shuka wani nau'in a kusa da gonar, wani ƙwaro ya yi aikin tsuntsun.

Bari in ɗan ratse, don akwai labarin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Na ce gidan dangin nan Amurka, to akwai guda ɗaya tak da ta saɓa. A 1937 wani masani Bafaranshe, Henri Jacques-Félix, ya tsinci wani tsiro a jikin duwatsun yankin Kindiya a ƙasar Gini, a gindin tsaunukan Futa Jalo. Da farko an sa shi cikin wani dangi daban, don ba wanda ya yi tsammanin samun ɗan gidan abarba a daji a Afirka. Da aka sake dubawa aka tabbatar, aka sa masa suna Pitcairnia feliciana. Babu hannun mutum a zuwansa. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun ƙiyasta cewa kakansa ya ƙetaro tekun Atlantika kimanin shekaru miliyan goma da suka wuce. Toho ba zai yi wannan tafiya ba. Ƙwaya ce za ta iya.

To yanzu mun san inda sabo yake fitowa. Wani ne yake zama a madadin tsuntsun, da gangan, yana zaɓen wa zai haɗa da wa. Sana'ar ta kafu ne a Beljiyam. Édouard Morren, malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Liyej kuma mai kula da lambunta, ya ba da rayuwarsa ga wannan dangi. A 1879 ya ɗauki garin wani nau'in Vriesea ya sa wa wani, psittacina da carinata, duka 'yan dazukan Brazil, abin da ya fito aka sa masa sunansa. Ya rasu a 1886, amma masu lambu a Beljiyam da Faransa suka ɗora daga inda ya tsaya. Har gobe cibiyar sana'ar tana wannan yanki: kamfanin Deroose a kusa da birnin Gent, da Corn. Bak a Assendelft ta ƙasar Holan, suna cikin manyan masu fitar da sababbin nau'o'i. Jan tsiron nan na falo galibi Guzmania ne, kuma yawancin na kasuwa suna da jinin wata mai suna lingulata. Abin da muke ɗauka fure ne a jikinsa ma ganye ne da ya rine. Furen gaskiya ƙarami ne, fari ko rawaya, yana leƙowa daga tsakanin jajayen ganyen ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa jan yake daɗewa.

Aikin kansa ba ya buƙatar na'ura, haƙuri yake ci. Tunda ba duk 'yan dangin ne ke ƙin garin kansu kamar abarba ba, mai barbara yakan riga furen buɗewa, ya sa ɗan hantsaki ya cire sassan namiji daga wadda ya zaɓa ta zama uwa. Da safe, lokacin da kan macen ya yi danƙo, sai ya ɗebo garin uban da siririn buroshi ya shafa, ya rataya 'yar takarda mai sunan iyayen da kwanan wata. Sai jira na watanni kafin kwanson ya nuna. Ƙwayar Guzmania siririya ce mai gashi a kai, don iska ke ɗaukar ta a daji, kuma ba ta jure ajiya, ba a binne ta, a saman danshi ake barbaɗa ta. Dubbai za su tsiro, kowanne da kamanninsa. Shekara biyu, uku, ko fiye kafin su yi fure a ga abin da aka samu. Mafi yawa zubarwa ake yi: wannan launinsa ya yi duhu, wancan ya yi tsawo ba zai shiga kwali ba, wancan ba ya jure duhun mota. Wanda ya tsira sai a yaɗa shi, yau galibi a ɗakin gwaji, inda ake yanko ɗan ƙurun tsiron a raine shi cikin kwalba ya zama dubbai masu kama ɗaya. Daga shafa gari zuwa tukunyar da ke kanti, abin kan kai shekara goma.

A nan ne kuma amsar rashin ƙwayar tsiron falo ta fito. A falo babu tsuntsu, babu wani nau'in a kusa. Sannan da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗe tsakanin nau'o'i masu nisa da juna aka yi su, sai ɗan ya fito kamar alfadari, ga ƙarfi ga kyau, amma ba ya haihuwa. Mai sayarwa ba ya baƙin ciki da haka, don tsiron da bai ɗauki ciki ba ya fi daɗewa da launinsa.

Kada a ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai. A Cibiyar Binciken Abarba ta Hawai an yi wata barbara da ta ba da ɗa mai lamba 73-114, wanda daga baya aka sani da MD-2. Kamfanin Del Monte ya fitar da shi kasuwa a 1996 daga gonakinsa na Kosta Rika: ya fi zaƙi, ya fi rawaya, ya fi jure tafiyar jirgin ruwa. Cikin 'yan shekaru Turai ta juya wa Kayen baya. Ghana, wadda ta fitar da sama da tan dubu 70 a 2004, ta ga cinikinta ya zube, ƙananan manoma da yawa suka bar sana'ar don ba su da tohon sabon nau'in. Ƙwaya ɗaya ce daga cikin dubban da aka shuka a wani lambun gwaji ta yi wannan aiki.

Saura ƙulli biyu, kuma su ne suka fi damun wanda ya sayi tukunya da kuɗinsa. Me ya kashe uwar? Me kuma ya hana 'ya'yan yin ja?

Na farko ba laifin mai gida ba ne, ba kuma zafin Sakkwato ba. Tsiron yana da wurin girma guda ɗaya, a can ƙasan ramin tsakiya, daga nan kowane sabon ganye yake fitowa. Ranar da ya tashi yin fure, wannan wurin ne da kansa yake rikiɗa ya zama sandar fure. Daga ranar ba sauran sabon ganye. Tsofaffin za su yi ta aiki har su gaji, abincin da suka tara ya koma ga tohon da ke gindi. Sau ɗaya kowane gindi yake fure a rayuwarsa, haka ma abarba: gindin da ya ba da ɗiya ba ya sake ba da wata, sai tohonsa. Kuskuren da ake yi shi ne jefar da tukunyar da zarar jan ya ƙone, ko yaye tohon tun yana ƙarami. A bar shi ya kai kashi ɗaya cikin uku ko rabin tsawon uwar tukuna.

Na biyu kuwa ya daɗe yana ba manoma ciwon kai, don idan aka bar dangin nan da son ransu, kowanne ranar da ya ga dama yake fure, wani ma ya share shekaru yana ganye. Mai barbara yana buƙatar uwa da uba su buɗe a mako ɗaya. Mai kanti yana son tukwane dubu goma su yi ja tare. Ta yaya? Amsar ta fito daga tsibiran Azores na Fotigal, inda ake noman abarba cikin ɗakunan gilashi. A 1874 hayaƙi ya cika ɗaya daga cikin ɗakunan bisa tsautsayi. Maimakon shukar ta lalace, bayan 'yan makonni sai duk ta yi fure a lokaci ɗaya. Manoman ba su san dalili ba, amma sun riƙe dabarar, har yau a tsibirin San Migel ana turara wa abarba hayaƙi. Sai a 1932 wani mai bincike a Fotoriko, Rodriguez, ya gano abin da ke cikin hayaƙin: wata iska ce maras launi mai suna etilin, wadda 'ya'yan itace ma ke fitarwa idan suna nuna. A yawancin tsirrai aikinta nunar da ɗiya da zubar da ganye. A dangin abarba kuwa ita ce ke ce wa wurin girman nan ya daina ganye ya koma fure.

Daga nan aka gano cewa iskar kabayid, wanda masu walda ke amfani da shi, tana yin kusan aiki ɗaya. Manoman abarba a Jamhuriyar Benin da Ghana kan zuba ruwansa a ramin tsakiyar shukar, bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu kan fure ya ɓullo, bayan wata biyar zuwa shida daga ranar zubawa a girbe. Wannan daban yake da mugunyar ɗabi'ar nan ta barbaɗa kabayid a kan ayaba da mangwaro don su nuna dole, wadda hukumar NAFDAC ke ta gargaɗi a kanta. Amma ko a haka ba na ba mai gida shawarar taɓa shi, don iskarsa na kama wuta. Akwai hanya mai lafiya. Idan tohon ya girma ya kai uwarsa, a zubar da ruwan raminsa, a sa tukunyar cikin babbar leda tare da nunanniyar tuffa, a ɗaure, a ajiye a inuwa mai sanyi kamar mako guda, sannan a buɗe. A nan garin, lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan, don leda a watan Afrilu dafa tsiron za ta yi. Tsiron falon da aka saya yana ja, da irin wannan iska aka tashe shi a lambun da ya fito. 'Ya'yansa ba su lalace ba, ba a tashe su ba ne.

Abin da ya rage a zuciyata bayan duk wannan shi ne wa aka yi wa waɗannan nau'o'i. Guzmania 'yar dazuka masu laima ce, kuma an tace ta ne don falon Bature, mai sanyi da ƙarancin haske. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara, da iskar hunturu mai tsotse danshi, da ruwan sama da bai wuce wata huɗu ba, ba nata ba ne. Sai da inuwa da yayyafi take rayuwa, da ruwa maras gishiri, da wanke ramin duk mako saboda sauro. Muna biyan kuɗi mai yawa a kan abin da aka ƙera don wani wuri. Alhali a cikin dangin akwai 'yan fari na gaske. Dyckia ta ƙasashen Kudancin Amurka da Hechtia ta Meziko a kan duwatsu da busasshiyar ƙasa suke zaune. Ita kanta abarba tana rufe ƙofofin numfashin ganyenta da rana ta buɗe su da dare, don haka ruwan da take sha kaɗan ne idan aka gwada da girmanta. A Brazil, cibiyar Embrapa da ke Cruz das Almas ta tara ɗaruruwan nau'o'in abarba na gida da na daji, ta haɗa su ta fitar da na ado, irin su BRS Anauê da BRS Boyrá, masu 'yar ƙaramar ɗiya mai launi a kan doguwar sanda.

Ban ga abin da zai hana a gwada irin wannan a Sakkwato ba. Barbara da hannu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, masu dabino a Dutse suna yin ta kowace shekara. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar aikin gona a bakin fadamar Rima. Kuma iyayen farko suna kasuwa. Doguwar nan mai koren ɓawo da farar tsoka, 'yar Kwatano, wadda ake nomawa a tudun Allada har ta samu rajistar sunan yankinta a 2020, nau'i ne daban da mai faɗin nan mai rawayar tsoka, kuma kowace tana karɓar garin 'yar'uwarta. A murɗe tukkun kowace, a cire ganyen ƙasa, a bar shi ya sha iska kwana biyu, a dasa a ƙasa mai yashi ƙarƙashin inuwar darbejiya. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu za su isa fure. A tashe su rana ɗaya don su buɗe tare, a riƙa ɗebo garin wannan ana shafa wa waccan kowace safiya har furannin su ƙare. Idan ɗiyar ta nuna, a yanka ta a hankali a tsince ƙwayoyin da ke ƙarƙashin idanun, a wanke, a shimfiɗa a kan yashi mai danshi a rufe. Cikin makonni za su fara tsirowa, ba biyu da za su zama ɗaya. Wanda ya ratsa watan Afrilu a tsakar gida ganyensa bai ƙone ba, shi za a ware a ajiye tohonsa.